Farantan Sola a Gurbin Rumbu

Tayar babur ɗina ta yi faci a bakin garin Runka. Ina jiran mai faci ya gama, sai idona ya tsallaka wani darni. Dattijo ne a ciki, dogo, siriri, farin gemunsa duk laka.

Duwatsu tara ne a gabansa, irin waɗanda ake ɗora rumbu a kai, amma babu rumbun. Ya gitta katako a kansu, farantan sola uku na jingine da ɗaki. Yana ɗora kwanon sha cike da ruwa bisa katakon, ya tsuguna ya zura masa ido. In ruwan ya karkata, ya cusa tsakuwa a ƙasa, ya sake dubawa. Wallahi ko wajen magina ban taɓa ganin natsuwa irin wannan ba.

Ina zaton gonarsa na can bakin daji, inda yanzu ba mai iya zuwa noma saboda ɓarayin daji. Hannayen nan damin gero suka sani, ba wayar lantarki ba.

Mai facin ya ɗaga murya: "Baba, ba bisa rufi ake sawa ba?"

"Abin da ke ƙyalli a sama, daga daji ake hango shi, ɗana."

"To ina rumbun?" in ji mai facin.

Dattijon ya ɗauki faranti ɗaya, ya kwantar da shi kamar jariri, fuska kudu.

"Shekara uku ban zuba masa ko zangarniya ba. Wannan amfanin kuwa har gida yake sauka, ba mai tare mani hanya."