Baba Dakta da Kunun Acha

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Litinin rayuwata ta rikice. A lokacin ne Dakta Davou, wanda duk muke kira Baba Dakta, ya leƙo ajinmu na shekarar ƙarshe a jami'a, ya tsallake masu surutu, ya nuna ni a can baya.

"Ke, Malama Shiru. Ni zan duba aikinki. Za ki auna yadda kunun acha ke gudu a cikin bututu."

Aji ya fashe da dariya. Ni da na so in yi lissafi mai tsabta a kan allo, sai ga ni da tukunya da ludayi!

Ku da kuka zauna a ajinsa kun san shi. Bai taɓa cewa aiki ya yi kyau ba. Zai sauke tabarau, ya duba, ya ce, "Sake." Shi ke nan. Ni kuwa ina son ci gaba da bincike bayan digiri, Inna tana son in dawo shagon ɗinkinta a Dilimi. Na riga na yanke wa kaina hukunci: idan Baba Dakta ya ce na iya, zan ci gaba. Idan bai ce ba, keken ɗinki na jira.

Amma wa zai tambaye shi? Mutumin da ke koyar da darasi uku saboda sashenmu ba malamai! Ranar da muke kallon ƙwayoyin halitta a fatar albasa, Bitrus, ɗan ajinmu, ya ɓare siririn abin da yake buƙata ya wurga sauran albasar a kwandon shara. Baba Dakta ya sunkuya ya ciro ta, ya goge a rigarsa.

"Oga Bitrus, gonar albasa gare ku a gida?"

"A'a, sa."

"To, kai ƙwayoyin halitta ka gani. Ni miya na gani."

Ya jefa ta aljihu.

Sai maganar na'urar lesa mai harba siririn haske, wadda aka ce za ta zo daga Jamus tun kafin a haife mu. An kafa kwamiti, an kafa wani don ya binciki na farkon. Da manyan baƙi suka zo duba ɗakin gwaji suka tambayi ina lesar take, shugaban sashe ya fara tari. Baba Dakta ya zaro makullan gidansa. A jikinsu akwai 'yar fitilar nan mai jan haske da ake sayarwa a kasuwar Taminus. Ya haska ta cikin kwalbar kununa.

Wani baƙo ya ce, "Haba Dakta! Wannan ai abin wasan yara ne."

"Ranka ya daɗe, da ita da ta Jamus duk haske ne. Bambancin, tawa ta iso."

Wata rana ana ruwa ni da shi muka shiga keken haya mai ƙafa uku. Muna kan gada ya buga wa direba kafaɗa, ya fita ba laima, ya tsaya yana kallon yadda ruwa ke juyi a ƙasa.

Direba ya ce, "Baba, wani abu ya faɗa ne?"

"Lissafi ne ke wucewa!"

"To don Allah kamo shi mu tafi, fasinja na jiƙewa."

Awon kunun da na yi ya ƙi yarda da abin da littafi ya ce. Na sake, na sake, sakamakon bai motsa ba. A ƙarshe Baba Dakta ya sa hannu a aikin ba tare da ya ce komai ba. Na tsaya a bakin ƙofa, tambayar na bakina, sai na ce, "Na gode, sa," na fita. Bayan 'yan makonni ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Na je gaisuwa gidansa a Anguwan Rukuba. Da mutane suka ragu, na durƙusa gaban matarsa, Mama Chundung, na yi abin da ban taɓa iyawa ba. Na tambaya.

"Mama, ko ya taɓa cewa wani abu a kan aikina? Ko tausayi ne ya sa ya sa hannu?"

Ta dube ni, idonta jawur, sai ta yi dariya.

"Au, ke ce mai kunun? 'Yata, ke kika hana mu shayi! Safe da yamma acha nake damawa, yana zubawa a bututu a kicin ɗina, wai sai ya kama ki da kuskure. Ranar da ya gaji ya ce, 'Chundung, ɗora shayi. Littafin ne ya yi kuskure, ba yarinyar ba. Wannan za ta wuce ni.' Na ce ya faɗa miki, ya ce kanki zai kumbura." Ta riƙe hannuna. "Allah ya ba shi hutu, ya yafe masa taurin kai. Ke kuma ki koma makaranta."