Kilomita Sittin da Hassumi Bai Tafi Ba

Hassumi, Allah ya jiƙansa, mutumin Maraɗi ne. Ya sauka Alƙahira a 1972 da akwatin ƙarfe ɗaya da niyyar karatun addini, amma karatun bai karɓe shi ba. A aji gyangyaɗi yake yi. In kuwa mota ta wuce ta ƙarƙashin taga, sai ya ɗaga kai ya ce wannan filoginta ɗaya ya mutu. Bayan shekara uku ya ajiye littafi ya kama sitiyari, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba.

A unguwar Mohandessin ya samu aiki, gidan Dakta Fu'ad, tsohon likitan ido da ya yi ritaya. Motar gidan wata baƙar tsohuwa ce ƙirar Faransa, ta marigayiya matar Dakta, shi ya sa ko ƙura ba a yarda ta kwana a jikinta. Doka biyu Dakta ya kafa masa. Kada allurar maleji ta wuce tamanin, kuma kada kowa ya shiga motar sai mutanen gida. Kowace Alhamis Hassumi yakan kai wa ƙanwar Dakta magani da kayan abinci Iskandariyya ta hanyar sahara, ya juyo. Da ya dawo, Dakta zai sauko da tabaransa ya leƙa maleji. Zuwa da dawowa kilomita ɗari huɗu da arba'in ne, shekara bakwai bai taɓa canzawa ba.

A wannan aiki duk rayuwar Hassumi ta rataya. Da wasiƙar Dakta ake sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, shi da matarsa Balki da 'yarsu Mardiya.

A bazarar 1983 aksul na baya, ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ya fara kuka, daga baya haƙoran giyarsa suka zube. Sabo ya daina zuwa ƙasar tuntuni. Hassumi ya yi kwana biyu yana yawo a kasuwar tsoffin kayan mota, har ya samu na wata mota irinta, sai dai ita doguwa ce ta ɗaukar kaya. Ya auna da takin hannunsa, daidai. Ya gwada ramukan noti, daidai. Ya ɗaura da kansa bayan sallar Juma'a, motar ta tashi da ƙarfin da ba ta da shi a da. Ranar har kunafa, wani kayan zaƙi na Masar, ya sayo wa Balki don murna.

Alhamis ta farko ya dawo, maleji ya nuna kusan ɗari biyar. Kuma ya makara da kusan awa guda. Dakta ya dube shi ta saman tabarau. Alhamis ta biyu haka. Ta uku ma haka.

"Ya Hassumi, ina kake zuwa da motar matata?"

"Iskandariyya, ya Dakta. Wallahi daga can sai nan."

"Kilomita sittin sun ƙaru, awa guda ta ƙaru. Aljanu ne suka ja hanyar ta yi tsawo? Fasinja kake ɗauka."

"A kawo Alƙur'ani in dafa."

"Bar Alƙur'ani inda yake. Shekara arba'in ina aiki da na'ura, mutum ke ƙarya, ita ba ta yi. Khalas, magana ta ƙare. Ƙarshen wata ka kawo min makulli."

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, kuma a watan ne iƙamarsa take ƙarewa. Direban da aka kora a kan cin amana kuwa, ba gidan da zai sake buɗe masa ƙofa a Mohandessin, domin masu gadi sun fi rediyo saurin kai labari.

Hassumi ya koma gida unguwar Hayyin Ashir ya zauna a bakin katifa da takalmansa a ƙafa. Balki ta ajiye masa abinci, ya huce, ta ɗauke. A kwana na uku ta zauna kusa da shi ta ce a hankali, "Baban Mardiya, tsakaninka da Allah, ba ka ratse ko'ina ba?" Bai yi fushi ba. Ya dai juya fuskarsa bango. Daga baya ya ce duk abin da Dakta ya faɗa bai yi masa zafin wannan tambaya ba.

Yana da amini, Ma'azu, Bakano mai ɗinki a ƙasan benensu. Shi ne ya ce Alhamis mai zuwa sai ya bi shi ya gani da idonsa. Hassumi ya ƙi, ya ce doka ce. Ma'azu ya ce, "Kai ɗan Faranshi, an riga an kore ka, wace doka ta rage?" Ranar Alhamis, a bayan Giza Hassumi ya tsaya ya ɗauke shi.

"To yau dai ka zama abin da aka ce," in ji Ma'azu yana gyara zama. "Nawa ne kuɗin mota?"

"Don Allah bar wasa. Mi zan ce ma Mardiya in an hidda mu?"

Ma'azu ya kau da kai wajen taga. Don ya ba idonsa aiki, sai ya shiga ƙirga duwatsun kilomita da ke gefen hanya. Can ya ce, "Tsaya. Daga inda na fara, dutse goma na ƙirga. Abin naka nawa ya ce?"

Hassumi ya duba. Sha ɗaya da ɗoriya.

Suka sake, suka kuma sakewa. Hassumi ya gangara gefen titi, ya kifa goshinsa a kan sitiyari yana ta salati. Ashe malejin ne ke gaba da motar. Allura tana kan tamanin, motar kuwa saba'in take yi. Tsananin bin dokar Dakta shi ne ya riƙa makarar da shi.

Washegari suka je wurin Usta Gidaɗo, wani tsohon bakanike Bahaushen Sudan. Ya saurara, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Ya zol, mutumina, gidan aksul ka auna, ba ka ƙirga haƙoran ciki ba. Na motar kaya ya fi juya farfela, sandar nan da ke kai ƙarfin inji ga aksul, kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Maleji kuma ba titi yake kallo ba, juyin farfela yake ƙirgawa." Ya ce akwai wani ɗan giya kamar yatsa a jikin giyabos, inda wayar maleji ke shiga. Na ciki haƙori goma sha bakwai gare shi. Sai an samu mai sha tara.

Kwana uku Hassumi ya yi a kasuwar. Motar da ya ciro aksul ɗinta, wadda da a jikinta zai samu giyan, an riga an sare ta an kai narka. Ya riƙa durƙusawa gaban gwangwanayen tarkace yana ƙirga haƙora da farcen babban yatsa, sha bakwai, sha takwas, sha bakwai, har farcen ya tsage. Masu shaguna suka fara kiransa Abu Sinan, mai haƙora. Ranar Litinin da la'asar ya samu. Ya ƙirga sau uku, ya sumbace shi da baƙin mansa da komai. Bai tsaya shawara da kowa ba, ya garzaya garejin Dakta ya ɗaura, ya jefa tsohon a aljihu.

Da safe ya roƙi Dakta alfarmar dutse goma kawai. Tsohon ya yi tsaki, amma ya shiga baya. Rana ta take lokacin da suka fita bayan gari. Dakta ya ƙirga da bakinsa har goma, ya miƙo wuya ya leƙa. Goma cif.

"To ka gani," ya ce. "Malejin lafiyarsa ƙalau. Don wannan ka fito da ni cikin rana?"

Sai a lokacin Hassumi ya gane abin da ya yi. Ya gyara shaidarsa da hannunsa kafin a gan ta. Ya fara bayani, Larabcin ya tsere masa, sai Hausa ke fitowa. Dakta ya ce, "Yalla, juya gida."

Bai juya ba. Ya kashe mota, ya ɗauki sifana, ya kwanta a kan yashin da ko ƙafa ba ta iya takawa, ya kutsa ƙarƙashi. Ƙarfen ya yi awa yana gudu. Dakta yana ta kira, "Fito, mahaukaci, za ka ƙone!" Bututun salansa ya kama wa Hassumi damtse, ya ji ƙaurin fatarsa, bai janye ba, don notin ya kusa fita. Ya zare sabon, ya mayar da tsohon. Ya fito da yashi a gashinsa da hannu a saɓule, ya ce, "Dutse goma, ya Dakta. Don darajar mai motar."

Suka sake tafiya. A wannan karo Dakta a hankali yake ƙirgawa. Da suka kai na goma ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya sake leƙawa. Sha ɗaya da ɗoriya.

Dakta ya koma ya jingina da kujera. Sannan ya ce, "Miƙo hannun." Ya fito da farin hankicinsa, ya jiƙa da ruwan gora, ya ɗaure masa da kansa. "Ma'alish, ya ibni, yi haƙuri ɗana. Ka mayar da sabon, amma sai ta huce." A ranar ya rubuta wasiƙar iƙama. Bai sake saukowa leƙen maleji ba.

Hassumi ya ƙara shekara biyar yana tuƙa motar. A 1988 zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, ya cika da safiyar wata Laraba, Mardiya tana aji shida. Ma'azu ne ya yi masa wanka. Da ya ɗaga hannun dama ya ga dogon tabon nan a damtse, sai ya kasa ci gaba, har sai da wani ya karɓi butar na ɗan lokaci. Ɗan giyan mai haƙori sha bakwai kuwa, Balki ta tsince shi a ƙasan akwatin ƙarfen da ya zo da shi daga Maraɗi, a naɗe cikin hankicin Dakta.

Allah ya haskaka kabarinka, Hassumi, ya sanyaya maka makwanci.