Idon Zomon Ulu

Tun da Uwar Biyu ta bar aikin asibiti, ita da ƙanwarta Auta ba su da abin yi sai saƙa. Auta ke bin takardar zane gida-gida tana saƙa barguna, ita kuwa 'yan tsana take yi, ta ɗinka musu idanu da maɓalli.

Ran nan suna falo, sai Uwar Biyu ta ga jikarta mai rarrafe tana tsotsar zomon ulun da ta saƙa, ido ɗaya babu.

"Auta, ina idon zomon nan?"

"Wane ido kuma, Yaya?"

Uwar Biyu ta fizgo yarinyar ta buɗe mata baki, ba komai sai yawu. Suka ɗaga kujeru, suka zazzage kwandon zare. Uwar Biyu ta kara kunne a ƙirjin yarinyar, don ta sha ganin yaran da suka haɗiye irin wannan a asibiti.

"Ɗauko mayafi mu tafi!"

Auta ta wawuro bargon da take saƙawa don goyo, sai maɓallin ya faɗo daga cikinsa.

"Yaya, ga shi! Kin kusa kashe ni!"

Uwar Biyu ta jawo almakashi, ta shiga cire idanun sauran 'yan tsanan.