Nauyin Hajiya

A garejin da nake jiran gyara, wani dattijo mai rinannen gemu yana goge tsohuwar motarsa da hankici. Matarsa na tsaye a rana, riƙe da jakarsa.

"Ina taka birki sai ta ja gefen Hajiya," yake gaya wa makanike. "Nauyinta ne."

Yana dariya. Ita ko murmushi babu. Da gani ta sha jin wannan a gaban mutane.

Makaniken ya zaga da motar yana tattaka birki, ya dawo ya dafa ƙarfen tayoyin gaba. Na gefenta da zafi, nasa sanyi ƙalau.

"Alhaji, birkin gefenka ne ya mutu."

Dattijon ya ninke hankici, ya dubi matarsa. "Duk da haka, koma kujerar baya."

Ta koma.