Ranar da Muka Jira Inuwa a Bayan Sotega

Har yau ban manta da ranar da na tsaya a wani fili a bayan unguwar Sotega, na ɗaga kai sama kamar manomi, ina roƙon Allah girgije ya matsa ba. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kuke danna na'ura ta nuna muku arewa, wataƙila abin zai ba ku dariya. Ni ma yanzu dariya nake yi. A ranar kuwa ko karin kumallo ban iya ci ba.

Tsakiyar shekarun 1970 ne, in ban yi kuskure ba shekarata ta biyu a Libreville. Arzikin man fetur ya shigo ƙasar, duk inda ka juya gini ake yi, manyan motoci na ta jigilar siminti da rodi daga tashar jiragen ruwa ta Owendo. Ni kuwa na gama karatun labarin ƙasa a jami'a a gida, na zo da takardata da ɗan Faransancin da na tsinta wajen kawunnaina a Maraɗi, na samu aiki a wani ofishin safiyo mai zaman kansa. Matsayina mataimakin mai awo. Ga wanda bai san aikin ba, idan mutum ya samu fili, mu ne muke zuwa mu auna, mu binne turakun siminti a kusurwoyinsa, sannan mu koma ofis mu zana taswirar filin da ginin da za a yi a ciki. Mai awo ya sa hannu, shef, wato shugaban ofis, ya sa nasa, sai takardun su wuce hukuma.

Shef ɗinmu Misye Ondo ne, dattijo ɗan ƙasa, Kirista, wanda ya fara aiki tun zamanin Turawa yana jan sarƙar awo a daji. Yana da wata kabad cike da tsofaffin taswirori, idan aiki ya lafa sai ya baje mana su a tebur. Ya nuna mana kwafin wadda matuƙan jiragen ruwa suka zana: bakin teku tsaf, amma cikin ƙasa fari fat, don ba su shiga ba. Ya nuna mana ta zamanin mulkin mallaka, mai wani kogi da babu shi a ƙasa, wani ya zana bisa jita-jita, na bayansa suka yi ta kwafa shekara da shekaru. Akwai kuma kwafin wata tsohuwa ƙwarai ta malaman Musulunci, wadda aka sa kudu a sama, arewa a ƙasa. Yakan buga ta da yatsa ya ce da ni, “Sabi'u, mutanenka ne. Neman inda za su fuskanta su yi salla ya sa suka ƙware a lissafin da muke ci da shi yau.”

Mai masaukina a unguwar London shi ne Alhaji Bawa, mutumin Kano, mai kantin kayan masarufi. Shi ya ba ni ɗaki da na sauka, a gidansa nake cin tuwo, kuma shi ya laƙaba mini suna Malam Wataƙila, wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce wataƙila. Ba zan ce ƙarya ya yi mini ba.

A shekarar ne 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da direbobi, na Nijeriya da na Nijar, suka samu ɗan fili don gina ƙaramin masallaci. Alhaji Bawa ne jagoran aikin. Ya kawo takardun zuwa ofishinmu da alfahari, ya ce ni ɗansa ni zan auna. Misye Ondo ya miƙo mini, ya ce wannan ne aiki na farko da zan sa wa hannu ni kaɗai.

Da na je filin na tarar har an ja igiya, an haƙa ramin harsashi. Alhaji da kansa ya kafa turakun, tun watan Maris. Ya tsaya da sassafe ya ga inda rana ta ɓullo, ya ɗan karkata hagu kaɗan, yadda ya ga iyayensa suna yi a Kano. Na kafa na'urar awo a kan ƙafafunta uku, na auna iyakoki, na auna igiyar. Ba aikina ba ne duba alƙibla. Amma da na koma ofis zan zana kibiyar arewa, sai zuciyata ta ƙi kwanciya. Na ɗauko takarda na yi lissafin daga Libreville zuwa Makka. Amsar ta fito wajen digiri hamsin da uku daga arewa, wato arewa maso gabas sosai. Igiyar Alhaji kuwa ta haura tamanin. Dalilin a fili yake: mun gangaro kudu har tsakiyar duniya, Makka ta koma mana sama, amma mun taho da gabas ɗin gida a ka. Na ɗora layin Alhaji a kan taswirar Afirka, na ga ya ratsa daji ya fita ta wajen Somaliya ya faɗa teku.

Kwana uku ina juya abin. In na yi shiru, na sa hannu a kan masallacin da na san bai kalli Makka ba, kuma da zarar an zuba siminti magana ta ƙare. In na yi magana, na ce wa mutumin da yake ciyar da ni cewa shekara ashirin ke nan yana salla yana kallon teku.

Na same shi a kanti bayan la'asar, yana auna wa wata mata shinkafa. Na jira ta tafi.

“Baba, ina ganin... wataƙila... kamar alƙiblar nan ta ɗan so ta karkata.”

“Ta karkata ko ba ta karkata ba?”

“To, ban ce lallai ba, amma lissafi...”

“Ikon Allah! Tun kana goye nake salla a garin nan. Rana ce ta nuna mini, ita kuwa rana ta Allah ce. Wannan abin naka mai ƙafa uku na wa ne?” Ya juya wajen masu zama a benci. “Kun ji Malam Wataƙila zai juya mana Makka.”

Aka yi dariya, ni ma na yi, na koma ɗaki.

Washegari na faɗa wa Misye Ondo. Ya cire tabarau ya dube ni.

“Sau nawa ka yi lissafin?”

“Sau huɗu, Shef.”

“Amsa nawa ka samu?”

“Ɗaya.”

“To ina wataƙilar take?” Ya mayar da tabaransa. “Tsohon ya ce da rana ya yarda? Kada ka kai masa takarda. Kai masa rana.” Ya turo mini kundin da muke duba matsayin rana a kowace ranar shekara, wanda da shi muke gano arewa ta gaskiya a daji.

Ina buɗawa na tuna wani darasi na tarihin awon ƙasa da na ɗauka na cin jarrabawa ne kawai. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba da tsakar ranar Makka. A wannan lokacin duk wanda yake ganinta, in ya fuskance ta, ya fuskanci alƙibla, kuma inuwar duk abin da yake tsaye a miƙe tana kwance a kan layin. Ɗaya daga cikin ranakun tana ƙarshen watan Mayu, da ƙarfe goma da 'yan mintoci na safe a agogonmu. Saura kwana tara.

Na koma wajen Alhaji, wannan karon tare da liman, Malam Isufu, mutumin Damagaram, wanda ya ce ya taɓa jin haka a bakin malaminsa. Alhaji ya ɓata rai, don siminti ya riga ya iso, ga shi a lokacin sai an sha wuya ake samunsa, laimar garin kuma ba ta barin buhu ya daɗe. A ƙarshe ya ce, “Na ba ka kwana taran. In rana ta faɗa, na ji. In ba ta fito ba, a ranar za a zuba yadda na ja.”

Nan damuwata ta koma sama. Kun san ƙarshen Mayu a garin nan: damina na janyewa, sama ta fara rufewa da farin girgije, sai a yi kwanaki ba a ga ƙwayar rana ba. Kowace safiya a kwanakin nan ina fita da ƙarfe goma in duba. Kwana huɗu daga ciki ko inuwata ban gani ba.

Ranar ta zo, sama a lulluɓe. Mutum kamar ashirin suka taru, magina sun tara yashi suna jira da shebur a hannu. Misye Ondo ma ya zo da malafarsa, ya saita agogonsa da rediyo. Na share ƙasa, na kafa sandar awo mai ja da fari, na daidaita ta da igiyar magina har sau uku don kada ta jirkice. Goma ta yi. Goma da minti goma. Wani direba ya ce, “Malam, ko ranar ma wataƙila ce?” Alhaji bai yi dariya ba, yana tsaye kusa da turakensa, hannu a baya.

Misye Ondo ya ce a hankali, “Saura minti biyu.”

Sai girgijen ya yi sirara ta gefe guda. Inuwa ta fara bayyana a ƙasa, dishi-dishi, sannan ta yi baƙi ƙirin, ta kwanta a karkace ta ratsa igiyar Alhaji. Kowa ya ga ratar da idonsa. Ni kuwa sai na tsaya ina tunanin ko in sake duba sandar.

Alhaji ya matso. Ya kare ido da tafin hannu ya dubi rana, ya dubi inuwar, ya dube ni.

“Sabi'u. Ita ce?”

“Ita ce, Baba.”

“Ba wataƙila?”

“Babu.”

“To me kake jira? Ja layin mana kafin ta gudu!”

Na durƙusa na kafa ƙusa biyu a kan inuwar. Ban gama ɗaura zare ba girgije ya sake rufewa. Da na ɗora na'ura a kan zaren daga baya, bambancinsa da lissafina bai kai abin magana ba.

Alhaji ya juya wajen liman, muryarsa ta yi ƙasa. “Malam, shekarun da suka wuce fa?”

Malam Isufu ya ce, “Alhaji, ka nema iyakar iyawarka, sallarka ta yi. Wanda ya ga wannan yau ya kau da kai, shi ne da magana.”

Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya sunkuya ya tumɓuke turken da ya kafa da hannunsa. Wani ya miƙa hannu zai karɓa, ya hana. Shi ya kai shi kan sabon layin, ya ce a ba shi guduma. Aka sake haƙa rami, aka zuba siminti bayan kwana biyu, na zana taswirar na sa hannu, Misye Ondo ya sa nasa a ƙasa. Da yamma a kanti na ji Alhaji yana ba wasu baƙi labari: “Da ni da ɗan nan nawa muka tambayi rana.” Sunan dai bai janye ba, har ya koma ga Allah Malam Wataƙila yake kirana, kuma ina amsawa da daɗin rai.

Abin da na koya, in har zan iya cewa na koya, shi ne aikinmu ba ya ƙarewa a kan takarda. Lissafina daidai yake tun ranar farko, amma bai motsa turke ko ɗaya ba sai da mai turken ya gani da abin da ya yarda da shi. Kuma shakka tana da amfani, ita ta sa na duba abin da ba a ce in duba ba, sai dai akwai lokacin da za a tambaye ka a gaban jama'a, dole ka ajiye ta.

Bayan wasu shekaru aka kawo mana sababbin hotunan unguwar da aka ɗauka daga jirgin sama. Ga su can a kabad ɗin Misye Ondo da na gada, wanda yake so ya ɗauko ya duba. Rufin kwano ne jere reras, duk sun bi titi. Guda ɗaya ne kawai, ɗan ƙarami, ya juya wa titin kafaɗa. Duk sabon ma'aikacin da ya gani sai ya ce mini an yi kuskure a nan. Nakan ce ya ɗauko abin awo ya gwada.