Neman Kalangun Tanko Daga Agege Zuwa Ebute Metta

Agege, kafin gari ya waye

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na fito. Ba komai a cikinta sai waya, da gorar ruwa, da tsohon abin sauraren nan mai rufe kunne duka biyu, wanda na sayo a Hamburg tun ina aikin lantarki a jiragen ruwan dakon kaya. Uwargida ta leƙo ta ce, "Alhaji, da furfurarka za ka ratsa Legas saboda kiɗa?" Na ce mata ba saboda kiɗa ba ne, saboda Tanko ne.

Ga wanda bai san shi ba, Tanko shi ne makaɗin mahautan unguwarmu, abokina tun muna wasan ƙasa. Kalangun gidansu na mahaifinsa ne, a taragon shanu ya zo da shi daga Arewa. Da hannun Tanko ya fara rawa sai ya miƙa wa ɗansa Nasiru. Kwatsam wani guntun sauti ya bazu a wayoyin unguwa: jita tana ruri, wani yana gurnani kamar sa a hannun mahauta, kalangu kuma can ƙasa-ƙasa. Sunan da aka laƙaba masa shi ne "Kiɗan matsafan Legas". Aka ce hannun Nasiru ne. Uba da ɗa suka yi sa-in-sa, yaron ya bar gida da kalangun, ya kashe waya. Tanko ya ce ranar Juma'a zai tura samari su nemo shi su ƙwato kayan, ya kuma faɗa a gaban Sarkin Fawa cewa Nasiru ba magajinsa ba ne.

Na tambaye shi, "Sarkin Kiɗa, ka ji abin daga farko har ƙarshe?"

Ya ce, "Abin da na ji ya ishe ni, Ɗan Jirgi."

Na ce, "Ka taɓa ganin mahaucin da ya yi wa sa kuɗi don ya hango jelarsa ta taga?"

Ya harare ni, amma ya yarda in je in ji in dawo masa da gaskiya.

Ni na san irin wannan kiɗa. Rok ne, reshen da masu shi ke ce wa furog, tare da ɗan'uwansa mai nauyi, metal. Wani Bajamushe mai kula da injin jirginmu ne ya fara sa mini shi. Waƙa ɗaya takan kai tsawon tafiya daga Agege zuwa Ikeja, tana hawa tana sauka, ta yi raɗa ta yi tsawa. Wanda ya yanko tsawar kaɗai ya ce ita ce waƙar ya yi ƙarya, ko da bai ƙara ko bugu ɗaya ba.

Danfo zuwa Oshodi

Kwandastan danfo, ƙaramar motar hayar nan ta Legas, ya ce da Yarabanci, "Baba, e wole," wato in shiga, ya cusa ni tsakanin wata mai buhun tattasai da wani mai barci. Kuɗin mota ya ninka na bara, kujerar kuwa tana nan yadda take, katako. A kowace tasha 'yan agbero, wato 'yan tasha, suna dukan jikin motar kamar ta ci musu amana. Direba ya ƙure rediyo da wata waƙa mai kalma uku, ana maimaita ta har muka wuce Ikeja. Na ce da shi cikin Yarabanci ya ɗan rage. Ya ce, "Baba, wannan ce ke tashe." Wato wannan hayaniyar halal ce tunda kowa ya saba da ita, ta Nasiru ce ta matsafa. Na ƙara riƙe jakata.

Idi-Araba, da hantsi

Daga Oshodi na ƙarasa Idi-Araba, don samarin mayanka sun ce daga rumfar Ɗan Liti mai tura waƙa a waya abin ya fito. Na sha koko da ƙosai a bakin layi, sannan na same shi ƙarƙashin lema, da kwamfuta a cinya, leburori sun yi layi da wayoyinsu.

Na sa masa guntun. Ya yi dariya. "A'a, Baba, kai ma ya zo maka? Wannan ya yi kasuwa wallahi."

"Ina sauran?"

"Wane saura? Abin dogo ne kamar layin mai. Wa zai cika memorinsa da waƙa ɗaya? Na ja shi gaba-gaba, inda ya fi ƙara na yanko."

"Sunan fa, wa ya sa?"

"To, ya zo ba suna, oga. In na rubuta 'waƙa' wa zai saya?"

Raina ya ɓaci har na ji kunnena yana zafi. Na je kasuwar faifai a Marsele, na je ta Istambul. A can mai shago yakan sa maka faifai ya tsaya ka ji, ya gaya maka wa ya buga ganga, a wane gari. A nan kuwa mai sayar da waƙa bai taɓa zama ya ji hajarsa ba, ya yanka ta kamar tsire, ya raɗa mata sunan da zai raba uba da ɗa. Na gaya masa haka. Ya ce, "Ayya, sorry Baba, ban san ɗan gida ba ne." Ya duba ko cikakkiyar tana nan. Ya goge ta tuni. Abin da ya tuna kawai shi ne wani Buzu mai gadi, da ake samunsa a Obalende, ne ya kawo masa.

Obalende, azahar

Na hau wata danfo ta Ojuelegba, muka tsaya a kan gada rana tana dukanmu, ruwan lagon a ƙasa yana ƙyalli. Na yi azahar a masallacin bayan tasha, na zauna wurin wani mai shayi mutumin Tawa. Da na gaishe shi da Faransanci sai ya ƙara mini madara ba tare da na nema ba.

"Buzu mai jita? Ai Gali ne. Gadi yake yi a wani gida can Ikoyi. Yau yana hutu, ya tafi wurin mahaukatan nan nasa."

"Ka taɓa jin kiɗan nasu?"

"Allah ya kiyaye, Alhaji. An ce in ka ji sai kanka ya juye."

"Wa ya ce?"

Ya duba wanzamin da ke gefensa, wanzami ya duba mai wankin takalmi. Babu wanda ya ji, kowa an ce masa ne. Amma sun san wurin: wani tsohon sito a bayan layin dogo, a Ebute Metta.

Ebute Metta

Okada ba ya shiga layin, da ƙafa na ƙarasa, ina tsallake kwata. Tun daga nesa ƙasa take motsi ƙarƙashin takalmina. Ɗakin sun manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada sauti ya dami maƙwabta, kuma a gaskiya kwalin bai yi wani aiki ba. Su biyar ne, suna kiran kansu Maƙeran Layin Dogo. Gali da jitarsa da rawaninsa. Wani Bayarabe, Tunde, da jita mai kauri. Wata yarinya Ibo a kan gangunan Turawa. Mai gurnanin nan ashe wani siriri ne mutumin Jos, Bulus, malamin firamare. Sai Nasiru a kusurwa, kalangun kakansa a hammata.

Da ya gan ni ya durƙusa. "Baba Jirgi, Babanmu ne ya aiko ka ka karɓi kalangun?"

"Na zo in ji. Ku fara daga farko, kada wanda ya tsallake mini komai."

Kalangu ne ya buɗe, shi kaɗai. Gashin jikina ya tashi, don na gane abin da yake faɗa. Taken mahaifin Tanko ne, wanda yake tashin mahauta da shi muna yara: ɗan fawa tashi, gari ya waye, sa na jira. Taken yana da ɗingishi, bugu bakwai ne inda kunne ke jiran takwas, kamar mai tafiya ya tsallake rami. A kan wannan ɗingishin suka gina komai. Jitar Gali ta shigo a hankali irin ta mutanen sahara, Tunde ya aza mata harsashi, ganguna suka ɗauka. Bulus ya rera da murya mai taushi labarin shanun da aka loda a tarago. Aka yi ta hawa. Sai da aka iso bakin mayanka tsawar ta faɗo, Bulus ya yi gurnanin nan. Muryar san ce yake yi a lokacin da aka kayar da shi. Wannan kaɗai Ɗan Liti ya yanko. Bayanta komai ya ɗauke, kalangu ya dawo shi kaɗai, ya rufe da taken da ya buɗe da shi.

Na ji mutanen Suwidin suna irin wannan, sun fi su tsabtar sauti. Na ji na Folan, sun fi su baƙin ciki. Na ji na Turkiyya da suka sa molonsu na gargajiya, amma a wurinsu ado ne kawai, in ka cire shi waƙar tana tsaye. Waɗannan in ka cire kalangun komai ya rushe.

Ban bar su haka ba. Na ce wa Tunde jitarsa tana danne kalangu a tsakiya, ya rage. Na ce wa Bulus ya riƙa shan zuma. Tunde ya ce, "Baba, ashe kun san harkar?" Na ce tun ubansa bai yi kaciya ba.

Na ce Nasiru ya biyo ni gida. Ya girgiza kai. "In na shiga unguwa da shi ba zan fito da shi ba. Baba Jirgi, yaushe rabon da a gayyaci Babanmu biki? Su masu cewa na ɓata gado, ai sifika suke haya, yaro ya danna waya. Nan ne kaɗai ake tambayata taken Kaka."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ƙona mini rai a duk tafiyar. Suka tura mini waƙar cikakkiya, da sunanta da sunayensu. Na ci amala da ewedu a wata buka ta bakin kasuwa, na nufi tasha.

Jirgin ƙasa zuwa gida

Jirgin ya fi danfo mutunci nesa ba kusa ba. Ta taga na ga Yaba, Mushin da Oshodi suna wucewa kamar ba su ne suka cinye mini safiya ba. Na tuna a kan wannan layin kalangun ya fara shigowa Legas.

Na tarar da Tanko a kan bencinsa na ƙofar gida, rana ta yi sanyi. Mahauta biyu suna zaune, da alama labari suke jira.

"To, Ɗan Jirgi, an yanka maka baƙin bunsuru?"

"Sharaɗi ɗaya. In na sa maka, ba ka cirewa sai ya ƙare."

Na ɗora masa abin sauraren a kai, hularsa ta karkace. Da farko ya haɗe rai. Sai na ga ya gyara zama. Hannun nan mai rawa ya fara bugun gwiwa, kuma bai kuskure ɗingishin ba ko sau ɗaya. Da tsawar ta zo ya runtse ido ya kai hannu kunne. Na riƙe hannun. Ya bari. Ɗaya daga cikin mahautan ya ce, "Ka gani, ya fara kama shi." Na ce ya rufe mana baki, shi da ya yi bikin 'yarsa da sifika.

Da ya ƙare ya cire da kansa.

"Wa ya ɗaure masa tsirkiyar nan?"

Na ce ban sani ba.

"Ta saki. Kalangun Baba yana magana kamar mai mura. A gaban Yarabawa da Buzaye! Ka ce ya kawo shi gobe."

"Ka ƙwace?"

"In gyara na ce. Kunnenka ne ya mutu a jirgi?" Ya miƙo mini abin sauraren, sannan ya fasa, ya mayar kan cinyarsa. "Ya taho da mai kukan san nan ma. Sa ba haka yake yi ba in an kayar da shi, daga ciki yake jawowa. Sai an kai shi mayanka ya ji."

Na shiga gida ana kiran magariba, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai shayin Obalende da madararsa, da matar da buhun tattasanta ya tare ni duk lokacin da direba ya taka birki. Wanda yake son ya fara jin wannan kiɗa, shawarata ya fara da Maƙeran Layin Dogo, ya zauna, ya ji daga farko har ƙarshe, kada ya karɓi yankakke a hannun kowa. Abin sauraren nawa kuwa har yau yana gidan Tanko. Na aika sau biyu, ya ce bai gama ba.