Tawul Ɗin Sadik Da Jif Ɗin Babansa

Jiya da rana tsaka, Sadik na kan cinyata jikinsa kamar garwashi, ina ta goga masa jiƙaƙƙen tawul, sai jif ɗin babansa ta yi tari ta mutu a Tudun Ƙofa. Asibiti muka nufa fa!

Tsohuwar jif ce da ya kwaso wurin wani ogansa a Abuja, wai tana hawa dutse. Dutse! Cunkoson kasuwa ma ya fi ƙarfinta.

Ya murza makulli, ya murza, shiru. Ya kira bakanike. Wai zafi ne ya sa fetur ya tafasa a cikin tiyo ya koma tururi, ba ya isa cikin inji. A ɗora mata tsumma mai sanyi har ta huce.

Jama'a, sai ga hannun baban Sadik ta taga.

"Maman Sadik, miƙo min tawul ɗin nan."

"Wane? Na jikin yaron?"

"Yanzu zan dawo da shi. Ita ma zafi ne ya kama ta."

Na ce, "Allah ya ba ta lafiya. Zauna ka yi jinya, tunda kai ka haife ta."

Na saɓa ɗana na tare keke napep. Maleriya ce, an yi masa allura, alhamdulillahi zazzaɓin ya sauka.

Bayan la'asar sai ga maigidan nawa ya shigo asibiti, riga sharkaf, yana washe baki. Maganarsa ta farko: "Ta tashi fa!"

Mata, ku faɗa min gaskiya, mu nawa ne muka auri baban mota?